Tambarin Salansa

Daga Kumasi na taso, jaka ɗaya a baya,
riga uku, buta, da adireshin da ruwa ya cinye rabinsa.
Na ratsa Lome, na kwana kan benci a Kwatano,
na sauka Zariya ran Talata, ƙafa a kumbure,
da Hausar zango mai sa yara dariya.

A Tudun Wada, daura da mai faci,
ga wata roba-roba ja, madubinta ɗaya,
an ɗaure mata fitila da tsinken waya.
Mai ita Jatau, bakanike, baƙin mai har gwiwar hannu.
Ya ce, "Baƙo, acaɓa za ta cinye maka guzuri.
Zuba mata kwalba biyu, ka ba ni kwana uku."

Ni da ko keke sai an riƙe mini sirdi.

Filin firamare muka je, bayan an tashi yara.
Na buga kik, ta yi tari ta yi shiru.
Na sake, ta yi atishawa.
A na bakwai ta amsa, kamar an ta da tsohuwa daga barci.
"Murɗa kaɗan," in ji shi.
Ashe kaɗan ɗin Zariya daban da na Kumasi.
Babur ya yi gaba, jaka ta ja ni baya,
na zauna a ƙasa ina kallon wutsiyarsa
ta nufi ragar gola ba kowa a kai.

Jatau bai yi dariya ba sai da ya tabbatar ina numfashi.
Sa'an nan ya yi ta, har da riƙe ciki.
"Sauke kayan nan tukuna.
Ba a koyon tuƙi da gida a gadon baya."
Wata biyu ban raba ta da kafaɗata ba,
ko a masallaci tana gaban goshina.
Na ajiye ta gindin darbejiya
na ji iska ta taɓa inda gumi ya yi gida.

Rana ta biyu na iya tashi.
Na zaga filin sau goma sha ɗaya
don ban san yadda ake tsayawa ba.
Yana bina da gudu, silifas a hannu:
"Birki! Na ƙafa! Ƙafar dama, ɗan Gana!"
Tulin yashi ne ya karɓe ni.
Da yamma, muna shan rake a bakin kwalbati, ya ce,
"Tashi ko akuya ta iya.
Tsayawa ita ce karatun."
Na yi shiru, na tuna garuruwa tara
da na bari tun kafin in san sunan mai shayinsu.

Rana ta uku, kwalta.
Daga Agoro zuwa Ƙofar Doka zuciyata na bakin maƙogwaro.
Tirela ta yi mini tsawa, mai lemo ya ja tirensa,
wata tsohuwa ta ɗaga mini hannu, na tsaya cak.
Na tsaya! Ta haye da ƙullin kukarta,
ba ta ko dube ni ba,
ba ta san ita ce jarrabawata ba.

Wajen sauka, don murna, na manta gargaɗi,
ƙwaurina ya sumbaci salansa.
Jatau ya shafa mini man goge baki,
ya ce, "To, Zariya ta buga maka hatimi."

Adireshin nan ban same shi ba.
An ce gidan ya zama kantin siminti.
Amma na ƙara sati biyu,
kullum ina kai Jatau gida a baya,
yana dukan kafaɗata in na wuce kwana.

Fasfona ya cika da tawadar kan iyaka,
duk ta fara kodewa.
Wannan na ƙwauri, mai faɗin kwabo,
har yau in hadari ya haɗu sai ya yi ƙaiƙayi.